Murhun Jegon 'Yar Fari

Shekarar da jirgin saman mutanen Maleshiya ya ɓace cike da mutane, aka bi teku ana nema har aka gaji, a shekarar na je ƙasar. Bayan Juma'ar nan da bama-bamai suka tashi a Kano ne da damina biyu, kafin zaɓen da aka sauya gwamnati. A lissafin gidanmu kuwa, ba a daɗe da binne uwar mijina ba, katangar bayan gida ma ba ta kai ga faɗuwa ba. Ni ban yi boko ba, da irin wannan nake riƙe shekaru, kuma ban taɓa ɓata ba. Faɗa nake ana rubutawa. In an ga kuskure, na alƙalami ne.

Duk wanda ya ji zan tafi sai ya riƙe baki ya ce, "Hajiya, ƙasar da jirgi ke ɓata?" Na ce wanda kwanansa ya ƙare, ko a kan tabarmarsa yake sai an neme shi an rasa.

'Yata ce ke da ciki a can. Gwamnati ta tura mijinta ƙaro karatu, ya tafi da ita. Sun daɗe da aure ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba, sai a can Allah ya kawo.

Bari in faɗi yadda muke da ita, don 'yan yanzu ba lalle su gane ba. 'Yar fari ce, kuma sunan uwar mijina aka sa mata. Kunya biyu ke nan a kan mutum ɗaya. Ranar da aka yaye ta kakarta ta goya ta ta wuce sashenta da ita, can ta girma. Ban taɓa kiran sunanta ba. Ban taɓa yi mata kitso ba. In ta faɗi a gabana ta fasa gwiwa, kau da kai nake in kira wani ya ɗaga ta. Ita kuma Yaya take ce mini, yadda ta ji ƙannen mijina na faɗa. Haka uwata ta yi wa yayanmu, haka aka yi wa uwata. Ba ƙiyayya ba ce. Ɗan da uwa ba ta kallo, shi ta fi gani.

Da kakarta na raye, ita za ta je jego. Ƙanwata da ya kamata ta maye gurbinta hawan jini ya kwantar da ita. Sai ya rage ni. Na ƙulle gero da kanwa da daddawa da yajin jego da na daka da hannuna, na hau jirgi.

A wata unguwa da ake ce wa Sri Petaling suke, cikin wani bene da in ka ɗaga kai za ka ga ƙarshensa sai ɗankwalinka ya faɗi. Na kwana na tashi na zagaya gidan kaf. Ɗaki biyu, falo, kicin kamar akurki, sai wata 'yar baranda da ake shanya. Na tsaya tsakiyar falo na tambayi bango, don ita ba na tambayarta kai tsaye.

"A gidan nan ina ake hura wuta?"

Tana zaune ta miƙe ƙafafu, sun kumbura. Ta yi dariya ta ce, "Yaya, ga gas a kicin. Banɗaki kuma akwai hita, murɗawa kawai za ki yi ruwan zafi ya zubo."

"Ruwan da ya fito daga bango ne za a gasa mai jego da shi?"

"Ai zafi zafi ne, Yaya."

Ba zafi zafi ba ne. Mace in ta haihu ɗanya ce, jikinta a buɗe yake, sanyi na neman ƙofa. Ruwan da zai rufe ta sai wanda ya tafasa a kan wuta mai rai, ya sha hayaƙi. Ga naman da za a gasa mata, ga garwashin da za ta zauna kusa da shi bayan wanka. Na yi wa matan da ban san iyakarsu ba wankan jego a unguwarmu, ba wadda ta kumbura a hannuna. Ba zan fara a kan wannan ba.

A hawan da ke ƙasa da mu akwai matar wani ɗalibi, Bazazzagiya, mai yara da ke amsa mata da Turanci in ta yi musu Hausa. Ita ta ce mini akwai wani tsohon murhun gashi a ƙasa, wajen ajiye motoci. Wani Basakkwace ne ya saya don tsiren Sallah, ya gama karatu ya bar wa wani, wanin ya bar wa wani, har aka rasa mai shi. Muka sauka ta nuna mini.

Abu ne kamar an raba ƙatuwar ƙwarya gida biyu: ta ƙasa a kan ƙafafu uku, ta sama ita ce murfi. Tsatsa ta cinye shi ya yi jawur. Ƙafa ɗaya ta karye, gindinsa ya huje, ragar da ake ɗora nama ta zama kamar haƙoran tsoho. Na ɗaga murfin, kyankyasai suka watse. Na ƙwanƙwasa cikinsa da zobena, na ji ƙarfen na amsawa. Bai mutu ba.

Ta ce, "Inna, ku dai Kanawa ko a hanyar lahira kuka ga bola sai kun tsaya kun taya."

Na ce, "Ke kuma da baki na ɗaukar kaya, da ba mu nemi lif ba. Kama nan, 'yar Zage-zagi."

Muka kai shi baranda. Saura wata guda da 'yan kwanaki a haihu, kuma ba a fafe gora ranar tafiya.

Tsamiya na fara jiƙawa, don ƙasar akwai ta, mai tsami sosai. Na dama ta da kauri na shafe shi ciki da waje, na bar shi ya kwana. Da safe na bi shi da tsohuwar wuƙa ina kankarewa, tsatsa na zuba kamar garin dawa. Na sa aka ɗebo mini yashi a wajen wani gini, na yi soso da ɓawon kwakwa, na durƙusa ina dirza. A gindinsa akwai wasu 'yan ƙofofin iska da wani faifan ƙarfe da ke rufe su, ya ƙame ƙam. Kullum sai in ɗiga masa man gyaɗa in ɗan bubbuga da gindin muciya. Ranar da ya juya sai da na yi guɗa ni kaɗai. Ƙafar da ramin kuwa sun fi ƙarfina. Bazazzagiya ta kai ni wajen wani tsohon ɗan Sin mai gyaran babura a bayan shaguna. Ba ya jin nawa, ba na jin nasa. Na nuna masa da hannu, ya liƙe ramin da faranti, ya ɗora ƙafa, na sa ya gitta mini rodi a sama yadda za su ɗauki babbar tukunya. Ya gwada da hannu wai nama ake ɗorawa ba tukunya ba. Na gwada masa cewa ya yi abin da aka sa shi.

Abin da ya fi ba ni wahala iskar garin ce. A ƙasar nan ƙarfe zufa yake yi. In na goge shi fes da yamma, ruwa ya sauko da la'asar kamar yadda ya saba, gari na wayewa sai in tarar tsatsa ta sake yi masa lalle. Sai da na koma shafe shi da manja kullum kamar jariri, sannan ya haƙura ya yi baƙi. Yatsuna duk suka tsage, tsamiya na shiga tana cizo.

Yarinyar kuwa kujera take jawowa bakin ƙofar baranda ta zauna tana kallona. Tana ba ni labarin garin, ina amsa wa murhu. Wata rana da hantsi ta yi 'yar ƙara ta dafe ciki.

"Yaya, kin ga yadda yake harbi? Kawo hannunki ki ji."

Na ce, "Hannuna duk tsatsa ne."

"Ki goge a zanina."

Na ci gaba da dirza. Sai ta ce, cikin dariya dai, "Wannan ƙarfen ya fi ni sa'a. Tun da kika zo shi kike shafawa."

Na ce wa murhun, "Wasu dai ba su da ta ido."

Ya gyaru har na gwada masa tukunya ta zauna daram. Aka sayo gawayi aka ajiye. Bazazzagiya ta gano mini bishiyar darbejiya a unguwar Indiyawa, don su ma suna ji da ita. Komai ya kammala, sai jiran ranar.

Wata Talata da safe yarinyar ta ce tun jiya ba ta ji motsi ba. Mijin ya ɗauke ta suka tafi asibiti. Ni na zauna ina shafa wa murhu manja, don ban san abin da zan yi da hannuwana ba. Wajen azahar Bazazzagiya ta hawo. Ta yi sallama ta zauna a ƙasa, ba ta ce mini Bakanuwa ba. Nan na sani.

Sai washegari aka sa mata ruwan naƙuda ta haife shi. Namiji ne, cikakke, da sumarsa baƙa wuluk, goshin mijina sak. Na gan shi kafin mutanen masallaci su naɗe shi. Maza suka tafi da shi aka binne cikin kaburburan mutanen ƙasar, ƙarƙashin wasu bishiyoyi da ban san sunansu ba. Na shiga inda take kwance, na tsaya wajen ƙafafunta, na dubi labule na ce, "Sannu. Allah ya sa mai ceto ne." Ta daɗe tana kallona. Sannan ta juya wa bango.

Haka ta dawo gida, haka ta kwanta, fuska a bango. Ba ta yi kuka ba, ko ɗigo. In an kawo abinci ya huce a wurin. Ruwan nono ya zo ba mai sha, ƙirjin ya yi tauri kamar dutse, zazzaɓi ya biyo. An ba ta ƙwayoyi a asibiti tana haɗiya, amma idon nan a bushe yake, a buɗe. Na taɓa ganin irin wannan idon a unguwarmu, a fuskar wata da ta rasa ɗa aka bar ta ba wanka ba kuka. Kafin shekara ta zagayo tana tsince-tsince a bakin kasuwa. Ɗa ya tafi, wannan na Allah ne. Uwar ce nake gani tana bin bayansa ina tsaye.

Ko ɗa ya zauna ko bai zauna ba, jini ɗaya aka zubar, wanka wajibi ne. Kuma zan faɗi abin da ban faɗa wa kowa ba a lokacin: ni ban san wata hanya da hannuna zai sauka a jikin yarinyar nan ba sai wannan. Mai yi wa mace wankan jego ba ruwanta da kunya, aikinta ne.

Da asuba na zuba gawayi na hura. Murhun ya kama kamar jiya aka ƙera shi, iska na shiga ta ƙofofin nan, garwashi ya yi ja. Tukunya ba ta ko fara kuka ba sai wani abu a silin ɗin waje ya kama ihu, bene duka ya ɗauka. Hayaƙi ya shiga shanyar mutanen sama. Sai ga masu gadi da gudu suna "Tak boleh! Tak boleh!", wato ba a yarda ba. Ɗayansu ya ɗauki tukunyata ya juye a kan garwashin. Ƙarfen ya yi wani irin kuka, toka ta tashi ta rufe mini fuska.

Surukina, wanda tun da na zo ba mu taɓa haɗa ido ba, ya durƙusa a bakin ƙofa kansa a ƙasa.

"Hajiya, don Allah a yi haƙuri. Dokar gidan ce. In aka sake, korar mu za su yi, ga ta a kwance."

Na ce, "An ji."

Duk ihun nan da gudun nan, ko juyowa ba ta yi ba.

Bazazzagiya ce ta samo mafita. Akwai wata tsohuwa a Kampung Baru da take sayen kayan miya a wajenta, Makcik suke ce mata, kamar a ce Gwaggo. Unguwa ce ta asalin mutanen ƙasar, gidajen katako a kan dirkoki, da kaji da ayaba a tsakar gida, dogayen benaye sun kewaye su suna leƙe. Da aka yi wa tsohuwar bayani sai ta dafe ƙirji. Ashe su ma suna gasa mai jego. Suna da dutsen da suke ɗorawa a wuta, a naɗe a ganye a danna wa mace a ciki. Ta ce a kawo ta, akwai ɗaki a baya. Sai dai wai su kwana arba'in da huɗu suke yi. Na nuna mata da yatsu cewa arba'in ne. Ta ƙara mini huɗu. Na ce wa Bazazzagiya, "Gaya mata mu wutarmu ta fi zafi, shi ya sa muke riga su nuna."

Aka cusa murhun a bayan tasi, murfin a cinyata. Yarinyar kuwa da aka ce ta tashi, sai ta yi magana, karon farko tun asibiti.

"Wankan me? Ina ɗan?"

Mijin ya kama ta ya miƙar, ta biyo mu kamar kayan wanki.

Washegari da sassafe na hura wuta a tsakar gidan Makcik, ba mai ihu, ba mai gadi. Ruwa ya tafasa da darbejiya, tsohuwar ta jefa nata ganyayen masu ƙamshi, ban hana ta ba. Bayan gidan akwai makewayi na langa-langa. Na juye ruwan a daro, na zaunar da yarinyar a kan kujera 'yar tsugunno, na kwance mata zani.

Rabona da ganin jikin nan tun tana tatata. Akwai wani tabon ƙuna a cinyarta, babba, tsoho, ban san ranar da ta same shi ba, ban san wa ya yi mata magani ba. Na tsoma damin ganye a ruwan na fara fyaɗa mata a kafaɗa, tururi ya rufe mu. Na gasa bayan, na gasa cikin da ya saki, na matse ƙirjin a hankali, nonon na zuba yana bin ruwa zuwa kwata. Ba ta ce wayyo ba, alhali na san zafin ruwan, hannuna ma da ya saba sai da ya yi ja.

Sai ta kama wuyan hannuna. Ta riƙe da ƙarfin da ban zaci ya rage mata ba.

"Yaya."

Na tsaya.

"Nan ba kowa. Kaka ta rasu. Ba mai jin Hausa a gidan nan. Ki kira sunana sau ɗaya, in ji."

Sunan na nan a bakina. Kullum yana nan, da shi nake buɗe addu'a a zuci, da shi nake rufewa. Na buɗe baki. Wallahi na buɗe. Harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa, na ji kamar an ce in tuɓe a tsakiyar kasuwa. Ruwa na ɗiga daga ganyen, tana kallona ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba.

Na ce, "Ruwa na hucewa. Juya bayanki."

Ta saki hannuna. Ta juya. Sai kafaɗunta suka fara rawa, sannan kukan ya fito, irin wanda ke fitowa daga cibiya, har kajin gidan suka watse. Makcik ta taho da gudu, na ɗaga mata hannu ta tsaya a waje. Ban ce yi shiru ba. Na ci gaba da tsoma ganye ina fyaɗawa, tana kuka ina gashi, har ruwan ya ƙare. Na ɗaura mata zani, na zaunar da ita kusa da garwashi, na miƙa mata kunun kanwa. Ta karɓa da hannu biyu ta shanye.

Daga ranar ta fara ci. Safe da yamma ina wanka, ina gasa mata nama a bakin murhun in barbaɗe da yaji. Makcik na zuwa da dutsenta ta danna mata ciki, ta zauna tana shafa mata kai tana kiran sunan nan ba ko nauyi, kamar tana kiran kaza. Ni ina gefe ina fifita wuta. In na ce ɗaga hannu ta ɗaga, in na ce juya ta juya. Ba ta ƙara riƙe ni ba, ba ta ƙara duban idona ba.

Muka cika arba'in, na bar wa tsohuwar huɗunta ta yi da dutsenta, don gidanta ne. Yarinya ta miƙe, jiki ya koma, fuska ta ciko. Ranar da za mu bar gidan ta rungume Makcik suka yi ta kuka. Da ta zo kaina sai ta durƙusa har ƙasa, yadda aka koya mata, ta ce, "Yaya, an gode. Allah ya saka da alheri." Na dubi bishiyar ayaba na ce, "Amin." Murhun na bar shi can.

Akwai masu cewa da na kira sunan, me zai ragu a jikina? Masu faɗin haka ba a tukunyar da aka dafa mu aka dafa su ba. Na je in tashe ta, kuma ta tashi. Abin da na iya na yi shi, ba wadda za ta yi shi fiye da ni.

Makcik ta rasu shekarar da cutar nan ta sa aka rufe masallatai, surukina ya kawo mini labari. Ƙanwata ta riga ta. Tsohon mai gyaran babura ban san abin da Allah ya yi da shi ba. Bazazzagiya na nan a Zariya, bakin nan bai mutu ba, duk Sallah sai ta bugo ta tambaye ni ko na samu sabuwar bola. Surukina na nan yana koyarwa, kansa ya yi fari. Ita ma tana nan, a nan Kano, da 'ya'ya mata biyu da ta samu bayan sun dawo. Duka biyun a wajen dangin mijinta ta yi wanka, ba ta aiko a kira ni ba. Takan zo gaishe ni ranar Juma'a. Babbar 'yar tata a cinya take ɗora ta, a gabana, tana kiran sunanta tun daga zaure har su tafi. Ni ma ga ni nan.